Cilakowar da Ke Cikin Tsamiya

Ana gab da samun ruwan shuka Habu ya faɗo daga amalanke ya karye. Taki ya kai gona, a hanyar dawowa wani babur ya firgita san da ke jan amalanken, san ya zabura gefe, amalanken ya tuntsure, ƙafarsa ta dama ta shiga ƙarƙashi. Aka ɗauko mai ɗori daga Takeita, ya ja ƙafar ya daidaita, ya ɗaure ta da karare da tsumma, ya ce kada ta taɓa ƙasa sai ya ba da izini.

Habu mutumin Dakusa ne, manomi ɗan manomi, ya ba sittin baya, kuma tun da ya yi wayo ba a taɓa shuka gonar gidansu ba ya wurin ba. A wannan shekara kuwa yana kwance a zaure ruwa ya sauka. Yana ji da sassafe mutane na wucewa da sungumi a kafaɗa, mata na biye da ƙoren iri, wasu su leƙo su yi masa sannu, wasu su wuce da sauri. Zaman ya sa shi faɗa. Fura ta yi ruwa, faɗa. Tuwo ya yi tauri, faɗa. In akuya ta shigo zaure sai ya tara mutanen gida yana tambayar wanda ya bar ƙofa a buɗe. Matarsa Balki ta yi ta haƙuri har aka fara noman fari. Ranar da mai ɗori ya ce zai iya dogara sanda ya ɗan taka, sai ta kira autansu Ɗanƙarami, wanda sunan kawai ya rage masa, don yanzu ƙato ne mai mata da 'ya'ya, ta ce daga gobe ya riƙa ɗora ubansa a amalanke yana tafiya da shi gona.

"Ya je ya yi wa gero faɗan," in ji ta. "Shi ba ya jin haushi."

A gefen gonar akwai wata tsohuwar tsamiya mai inuwa. Nan Ɗanƙarami ke kwance san amalanken, ya shimfiɗa wa ubansa tabarma, ya ajiye masa goran ruwa, ya ɗauki hauya ya shiga aiki. Da farko Habu ya yi ta ɗaga murya daga inuwa, a gyara nan, an bar ciyawa can. Da Ɗanƙarami ya yi nisa cikin gona sai muryar ta daina kai masa, Habu ya gaji ya yi shiru. Shirun nan ne ya sa ya lura da tsuntsayen da ke kansa.

Cilakowa ce guda biyu. Habu ya san cilakowa tun yana ƙarami, ya san dogon bakinta mai lanƙwasa da irin tashinta, ta kaɗa fiffike ta yi sama, ta saki jiki ta yi ƙasa. Amma bai taɓa zama ya kalle ta ba, don mai hauya a hannu ƙasa yake duba. Yanzu ya ga ashe ba kamarsu ɗaya ba. Ɗaya bakinsa baƙi ne da ɗan fari a gindi, ɗayar kuwa ƙarshen bakinta ja ne, kamar ta ci goro. Mai baƙin bakin shi ne namijin. Sai ya hau can ƙololuwa, ya ɗaga baki ya nuna sama, ya yi ta fito siriri, kowane fito ya buɗe fikafikai ya rufe. Macen tana reshe na ƙasa tana gyaran gashi, kamar ba da ita ake ba. In ya gaji da waƙar sai ya sauka cikin ciyawa ya kamo fara, ya kawo mata. Ta kau da kai. Ya zagayo ta ɗaya gefen, ta koma wani reshe. Ya bi ta da farar a baki, bai haɗiye ba, bai yar ba, har sai ta ga dama ta karɓa.

Habu ya ji kansa yana dariya shi kaɗai, abin da bai yi ba tun ranar da ya faɗi.

A jikin tsamiyar, sama kaɗan da inda hannun mutum ke kaiwa, akwai wani kogo inda wani reshe ya taɓa karyewa. Namijin ya fara jan hankalinta wurin. Ya sa kai ciki ya fitar, ya jefa ganye, ya jefa ɓawon itace, ya koma gefe yana jira. Ita kuma ta zo ta leƙa, ta tafi, ta dawo ta sake leƙawa, kamar mai tayin tukunya a kasuwa. Bayan wani ruwa da aka yi mai yawa, sai Habu ya ga suna sauka a hanyar amalanke inda ruwa ya kwanta, suna ɗebo taɓo a baki suna shafawa a bakin kogon. Da ƙofar ta ƙanƙance, macen ta matsa jiki ta shige. Daga nan namijin ke kawo taɓo, ita kuma daga ciki tana karɓa tana liƙawa, tana bubbugawa da gefen baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar mata na daɓe. Ta yi ta yi har ba abin da ya rage sai wata 'yar tsaga a tsaye, wadda da ƙyar yatsa biyu za su shiga.

Balki tana da gayauna a jikin gonar, ta gyaɗa da kuɓewa. Kullum in ta gama aikin gida takan zo da hantsi, ɗauke da ƙwaryar fura. Ran nan da ta sauke ƙwarya Habu ya nuna mata tsagar, ya ba ta labari. Ta ɗaga kai ta duba, ba ta yi mamaki ba. Ta ce ai kowa ya san wannan, kishi ne. Ta zauna a bakin tabarma tana dama fura, ta ba shi tatsuniyar yadda kakarta ta ba su suna yara: wai cilakowa ya auro mace kyakkyawa, sai hankaka ya riƙa zuwa gaishe ta kullum da farar riga a ƙirji, in mijin ya tafi neman abinci. Da cilakowa ya gane, bai yi faɗa ba, sai ya ce mata ta shiga ɗaki ta ɗauko masa hula. Tana shiga ya yaɓe ƙofa. Tun daga ranar kowane cilakowa haka yake yi wa matarsa, shi ya sa bakinsa ya lanƙwashe, don miƙa tuwo ta kafa.

Habu ya saurara har ta gama, sannan ya ce tatsuniyar ta yi daɗi, sai dai an yi wa bawan Allah ƙage. Shi da idonsa ya gani, matar ce ta yaɓe kanta, mijin taɓo kawai ya miƙa.

"Ka ga aikin, Malam," in ji Balki, "amma ba ka ji abin da ya gaya mata kafin ta shiga ba."

Ya karɓi ludayi ya sha furarsa.

Daga nan kallon namijin ya zama aikin Habu. Tun kafin raɓa ta bushe yake farawa. Ya kawo fara, ya kawo tsutsa, wani lokaci ɗan ƙadangare ko 'ya'yan ɓaure. Ya sauka a ƙasan tsagar ya kafa ƙafafu a ɓawo, ya dogara da wutsiya, sai jan bakin nan ya leƙo ya karɓa. Ko rana ta take tsaka, sauran tsuntsaye sun lafe, shi yana kai da kawowa, baki buɗe don zafi. Habu ya lura yana ramewa, gashin wutsiyarsa ya fara tsigewa. Ana cikin maimai, wato noma na biyu, wata safiya ya tsinci ɓawon ƙwai fari a gindin itacen, da ya kasa kunne kuma ya ji wasu 'yan muryoyi sirara daga ciki. Zirga-zirgar namijin ta ninka.

Sai wata rana bai zo ba.

Habu ya iso gona kamar kullum, ya zauna, ya jira. Hantsi ya yi, babu shi. Ya ce ko ya yi nisa ne wajen fadama. Balki ta zo da fura ta koma gayaunarta, har azahar ta gota, shiru. Daga cikin kogon macen ta fara kira, wani kuka ƙasa-ƙasa, ta yi ta dakata, ta sake. Bakinta ya leƙo ta tsagar ya koma. Da la'asar Ɗanƙarami ya fito daga cikin gero riƙe da wani abu a hannu. Fiffike ne guda, da kai mai baƙin baki. Ya ce a gindin sabara ya gani, can iyakar gonar maƙwabcinsu Suma'ila, gashi a warwatse, ga alama aikin shaho ne.

Habu ya karɓa ya jujjuya, ya ajiye a gefen tabarma.

Ɗanƙarami ya ce abin ai mai sauƙi ne, ya sa gindin gatari ya fasa yaɓen, ta fito ta nemi abinci da kanta. Har ya ɗauko gatarin, Balki ta ce ya dakata a duba tukuna. Aka turo amalanken gindin tsamiya, ta tattare zane ta hau, ta karɓi salular ɗanta ta haska ta tsagar. Ta jima tana leƙe. Da ta sauko ta ce ba za a fasa ba. Uwar ba ta da gashin fiffike ko na wutsiya, duk ta zubar ta shimfiɗa a ƙasa, tana nan kamar kazar da aka fige rabi. Ƙarƙashinta kuma 'ya'ya uku, jajaye, tsirara. In aka buɗe, ba ta iya tashi, kafin gobe muzuru ko maciji ya gama da su.

Suma'ila, maƙwabcinsu na gona, ya ga an taru ya ƙaraso da hauya a kafaɗa. Da ya ji abin da ake ciki sai ya ce a bar wa Allah ikonsa, wanda ya halicce su ya san da su, kuma shi ma shahon 'ya'ya gare shi. Ya ƙara da cewa shi dai ba ya son yawan taɓa kogon tsamiya.

"Shaho ya ci rabonsa, ban ce komai ba," in ji Habu. "Amma waɗannan a kaina suke kuka, kuma nan nake wuni."

Ya sa aka samo masa karan dawa na bara, ya tsaga bakinsa da wuƙa. Balki ta kamo fara biyu a cikin gyaɗarta. Ɗanƙarami ya ɗaga uban ya zaunar da shi a kan amalanke, ƙafar a miƙe, ya tokare amalanken da dutse. Habu ya maƙala fara a tsagar karan ya miƙa sama. Tsuntsuwar ta kai wa karan sara da ƙarfi, farar ta faɗi, ita kuma ta ja can ciki ta yi tsit, har 'ya'yan suka yi shiru. Aka sake, ba ta leƙo ba. Rana ta yi ƙasa, dole suka koma gida haka nan.

Washegari Balki ba ta tsaya aikin gida ba, ta bar wa surukarta. Ta riga su fita da ƙwarya da murfi, don ta san fara tun tana yarinya: da sanyin safiya, raɓa ta jiƙa mata fiffike, da hannu ake tsintarta a jikin ganye. Kafin amalanke ya iso ta tara mai yawa. Habu ya hau mazauninsa, ya miƙa kara, aka sake yin ta jiya. Balki ta ce ya tuna da kyau, shi da ya ce ya san komai na mijin, yaya yake yi in ya zo? Habu ya rufe ido ya yi tunani. Ya tuna saukarsa, da ƙarar farcensa a ɓawo, da yadda yakan taɓa bakin tsagar da nasa bakin kafin ta leƙo. Sai ya sa gindin karan ya ɗan karci ɓawon itacen a ƙasan kogon, ya ƙwanƙwasa yaɓen a hankali, sannan ya juya karan ya kai farar daidai tsagar, ya riƙe numfashi.

Jan bakin ya fito kaɗan, ya tsaya. Ya koma. Ya sake fitowa, ya fizge farar, ya ɓace. Nan take 'ya'yan suka ɓarke da tsiwa a ciki.

Habu bai juyo ba, ya miƙa hannu baya, Balki ta sa masa wata.

Haka damanar ta koma musu. Ita ta kamo, shi ya miƙa. In an yi ruwa da marece, washegari ta zo da gwangwani cike da shinge, garar nan mai fiffike. Ta tsinto tsutsar da ke cin kuɓewarta, ta ce ga ta da amfani yau. Wani lokaci shi kuma ya daki ɗan ƙadangare da sanda daga inda yake zaune. Abin da ya ba su mamaki shi ne cin. Ƙwarya ta ƙare kafin azahar, a cikin kogo ana nema. Habu ya ce su biyu, da hannu huɗu da ƙwarya, suna haki, shi kuwa marigayin da baki ɗaya ya riƙe gidan nan. Tun daga ranar ya koma kiransa marigayi, Balki ta yi dariya da farko, daga baya ita ma ta kama.

Labari ya kai gari. A bakin masallaci aka riƙa tambayar Habu ya mai jego, ya amsa da lafiya lau, tana gaishe ku. Suma'ila bai fasa cewa wahalar banza ce ba, amma wata rana ya zo wucewa ya zazzage fara daga aljihun rigarsa a cikin ƙwaryar Balki, ya ce a gonarsa suke ɓarna, ya wuce.

Wani ruwa da iska ya zo daga gabas ya daki tsamiyar, ya zaizaye gefen yaɓen, tsagar ta yi faɗi. Da safe Balki ce a kan amalanke, don ƙafar Habu ta kwana tana zogi. Tana tsaye sai ta ji ƙwas-ƙwas daga ciki. Ta tsaya tana kallo. Tsuntsuwar ce ke gyaran ƙofarta, tana haɗa ragowar abinci da kashinta tana liƙawa. Habu daga tabarma ya ce a gwada ba ta taɓo. Balki ta dangwalo a bakin kara ta miƙa, aka karɓe. Ta sake, aka karɓe. Kafin hantsi ya yi zafi tsagar ta koma yadda take. Bayan 'yan kwanaki kuma suka ga amfanin abin, don wani guza ya hau itacen yana lasar iska, ya kai hanci tsagar, aka sare shi a fuska, ya sauko da baya ya shige ciyawa.

Balki ta ce to, wannan dai ta yarda ita ke rufe kanta, babu miji babu hankaka. Amma ta kakarta cilakowar dā ce, ba a san halin mazan wancan zamani ba.

Yawancin hirarsu a kan amalanken nan suka yi ta, tsakanin fara da fara. Sun shekara kusan arba'in tare, amma zancensu ya daɗe da komawa na hatsi ya ƙare, wane ba shi da lafiya, akuya ta haihu. Yanzu da zama ya kama su wuri ɗaya, sai tsofaffin maganganu suka riƙa tasowa. Ran nan Habu yana ba ta labarin yadda marigayi ya sha wahala kafin a karɓi fararsa, ya ce mata dai duk halinsu ɗaya. Balki ta tambaye shi shi wace wahala ya sha. Ya ce ta manta da raken da ya riƙa kawo mata ranar kasuwar Takeita? Ta ce ba ta manta da rake ba, amma abokinsa Mamman ne ke miƙo shi, Mamman ne ke magana, Mamman ne ke dariya, shi kuwa yana can baya yana haƙa ƙasa da yatsan ƙafa. Ta ce ta daɗe tana zaton Mamman ne ke sonta, sai da aka kawo gaisuwa gidansu ta ji sunan Habu.

Habu ya sauke karan. Bai taɓa jin wannan ba.

"To da kika ji fa?"

"Na ji daɗi," in ji ta. "Mamman ya cika surutu. Miƙa mata, tana jira."

Gero ya yi ciki ya fara fitar da kai lokacin da uwar ta yi shirin fitowa. Tun da suka iso suka ji bugun ya sauya, ba na gyara ba ne, na rushewa ne. Ɓarɓashin yaɓe na zubowa a kan amalanke. Ba ta karɓi abinci ba ranar. Wajen hantsi ƙofar ta buɗe, kai ya fito, sannan kafaɗa ɗaya, ta maƙale, ta koma, ta ƙara sara, ta sake gwadawa. Da ta kuɓuto sai ta faɗo reshen ƙasa da ƙyar, ta kama shi tana tangaɗi. Sabon gashi ne a jikinta, amma duk ya cukurkuɗe, ƙafafunta sun sage. Ta daɗe a wurin tana miƙa fiffike ɗaya bayan ɗaya, tana kallon sararin da ta daɗe ba ta gani ba. Sannan ta tashi, tashi mara kyau, ta sauka a kan wata aduwa can nesa.

Ɗanƙarami, da ya bar aiki ya zo kallo, ya ce shi ke nan ta gudu. Ba a jima ba sai ga ta da tsutsa a baki. Ta sauka a bakin kogon ta miƙa. A ciki kuma 'ya'yan da kansu suka kama liƙe ƙofar da uwarsu ta fasa, ba wanda ya koya musu, da ƙananan bakunansu, har suka mayar da ita tsaga.

Abu ɗaya ya ɗan sosa wa Habu rai. Yanzu da take waje, tsuntsuwar ba ta san shi ba. In ya matsa kusa da itacen sai ta tashi ta koma aduwa tana ƙara, ba ta dawowa sai ya ja baya. Ya miƙa mata fara a kara, ko kallo ba ta yi ba. Balki ta ce me zai sa ta san shi, ita kara ta sani da ƙwanƙwasa, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Suka janye amalanken, suka mai da tabarma ɗaya gefen inuwar. In uwar ta yi nisa sai Habu, wanda yanzu ƙafarsa ta ƙara ƙwari, ya lallaɓa ya ƙara wa 'ya'yan da dogon kara, don baki ɗaya ba ya isar su.

Ana cin tumu 'ya'yan suka fito, biyu. Na ukun, ƙaramin cikinsu, bai kai ba. Balki ta hau ta duba kogon bayan sun tafi, ta sauko ta ce an yi abin da aka iya. Biyun suka yi ta bin uwarsu cikin gero da gajerun bakunansu, suna kuka tana ba su, har suka koyi kamawa da kansu. Wani lokaci a gan su a tsamiya, wani lokaci su kwana biyu ba a gan su ba.

Da kaka ta yi, Habu ya shiga girbi, yana ɗingishi amma yana yi. Wata rana da hantsi suna hutawa a inuwa shi da Balki, ga zangarniya an tara tsibi-tsibi, sai ya ji fito daga ƙololuwar tsamiya. Ya ɗaga kai da sauri. Namiji ne, baƙin baki, ya nuna sama yana buɗe fikafikai. Wani ne dabam, ya fi marigayi jiki, gashinsa sumul. A reshen ƙasa kuma ga mai jan baki tana gyaran gashi. Baƙon ya sauka ya kamo fara ya kawo. Ta kau da kai. Ya zagayo. Ta matsa, amma ba ta tashi ba. Da ya sake miƙowa sai ta karɓa.

Habu ya tsuke fuska. Ya ce ko damana ba ta gama fita ba. Wancan ya rame ya tsige a kan hidimarta har ya rasa ransa, wannan kuwa yana can yana cin ɓaure, sai da aka gama wahala ya zo da waƙa.

"Takabarta a ɗaki ta yi, ba wanda ya ga fuskarta," in ji Balki. "Ta raini marayu har suka tashi. Me kuma kake so ta yi, Malam?"

Ya riƙa murza zangarniya a tafin hannu, yana hure ƙaiƙayi. Can ya tambaye ta, ba tare da ya dube ta ba, ko ita ma haka za ta yi.

Balki ta ce ita ta tsufa da koyon halin wani sabon mutum, wanda ta sani ma da ƙyar ta gama gane shi. In yana son ya huta da wannan tunani, to ya daina hawa amalanke a tsaye.

Habu ya watsa tsabar geron a baki yana taunawa. A sama tsuntsayen biyu suka tashi, ita a gaba shi a baya, suka nufi fadama. Daga can cikin gona Ɗanƙarami ya ɗaga murya ya ce hadari na haɗowa a gabas, gara a ɗaure abin da aka yanka kafin ya iso. Balki ta kife ƙwarya a kan ragowar fura, ta miƙe, ta kakkaɓe zane. Habu ya jawo igiyoyin kaba da ya jiƙa tun safe, ya ba ta rabi, suka shiga gona.